Tambayoyi da Amsoshi Kan Dokar Intanet: Wa Ke da Ikon Toshe Hanya ko Rage Gudunta?

Muhawarar da ake yi kan hannun gwamnati a harkar intanet takan cakuɗe ne saboda ana haɗa abubuwa biyu mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai dokar da ke hana kamfanin sadarwa nuna fifiko tsakanin abubuwan da ke bi ta layinsa, akwai kuma ikon da gwamnati ke ba kanta na toshe shafuka ko katse layi baki ɗaya. Tambayoyin da ke tafe suna ƙoƙarin raba waɗannan biyun, tare da kawo hujjar kowane ɓangare yadda masu ita suke faɗinta.

Mece ce ƙa'idar rashin fifiko a intanet?

Ƙa'ida ce da ke cewa kamfanin da ya sayar wa mutum hanyar shiga intanet, ta wayar hannu ce ko ta igiyar da aka ja zuwa gida ko ofis, wajibi ne ya ɗauki duk bayanan da ke bi ta layinsa daidai wa daida, ba tare da duba wanda ya aiko su, ko wanda za a kai wa, ko abin da suka ƙunsa ba. A aikace ta haramta abubuwa uku: toshe halattaccen shafi ko manhaja, rage gudun wani shafi da gangan alhali sauran suna gudu yadda suka saba, da karɓar kuɗi daga wani mai shafi domin a wuce da kayansa gaban na abokan gasarsa.

Masanin shari'a Tim Wu ne ya raɗa wa ƙa'idar sunan da ta yi fice da shi a Turance, wato net neutrality, a wata maƙala da ya wallafa a 2003, amma tunanin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tsofaffin dokokin Ingila sun ɗora wa masu fito da jama'a a kogi da masu dakon kaya nauyin yi wa kowa hidima ba tare da zaɓe ba, saboda wanda ya zo bakin ruwa ba shi da wata hanyar tsallakewa sai tasu. An shimfiɗa wannan nauyi kan kamfanonin jirgin ƙasa, sannan kan na tarho, har Amurka ta rubuta shi cikin dokar sadarwarta ta 1934. Abin da ake jayayya a kai tun farkon wannan ƙarni shi ne ko nauyin ya hau kan masu sayar da intanet su ma.

Ta yaya kamfani zai san abin da ke wucewa ta layinsa har ya nuna bambanci?

Duk abin da ake aikawa ta intanet, saƙo ne ko murya ko bidiyo, ana yayyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ɗaya ɗauke da adireshin inda ya fito da inda ya nufa, sannan na'urorin da ke kan hanya su riƙa miƙa wa juna har ya isa, a sake haɗa shi. Yadda aka tsara intanet tun asali, aikin waɗannan na'urori bai wuce na ma'aikacin gidan waya ba, wanda ke karanta adireshin da ke bayan ambulan ya kai wasiƙa ba tare da ya buɗe ta ba.

Daga baya aka ƙera na'urorin da ke iya leƙa cikin ƙunshin, su gane cewa wannan kiran murya ne, wancan bidiyo ne daga wani sanannen shafi. Ko da yake a yau yawancin bayanai a kulle suke tafiya, ta yadda kamfani ba zai iya karanta abin da mutum ya rubuta ba, har yanzu yakan iya gane shafin da ake magana da shi, daga sunan uwar garken, wato babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, da kuma yadda bayanan ke kwarara. Abin da mai waya zai gani shi ne bidiyo yana tsayawa, da'irar nan tana ta juyawa a tsakiyar allo, hoton ya koma dishi-dishi, alhali sandunan sabis a cike suke kuma wani shafin yana buɗewa nan take. Mafi yawan mutane za su ɗora laifin ne a kan shafin su koma wani, ba tare da sun san an yi musu zaɓi ba. Wannan ɓoyuwar ita ce ta sa matsalar ta fi ƙarfin a ce mai saye ya kare kansa da kansa.

An taɓa kama wani kamfani da aikata haka, ko dai tsoro ne kawai?

An kama, kuma ba sau ɗaya ba. A 2005 wani ƙaramin kamfanin tarho a Amurka mai suna Madison River ya toshe wa masu hulɗa da shi kiran waya ta intanet na Vonage, wanda ke gasa da nasa layin, har hukumar sadarwa ta ƙasar, wato FCC, ta sa baki, kamfanin ya biya dala 15,000 ya buɗe. A shekarar ce kuma kamfanin Telus na Kanada, lokacin da yake takun saƙa da ƙungiyar ma'aikatansa, ya toshe wani shafin magoya bayan ƙungiyar, kuma toshewar ta rutsa da wasu ɗaruruwan shafuka da ke kan uwar garke ɗaya da shi, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 2007 binciken kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya tabbatar da cewa Comcast, wani babban mai sayar da intanet a Amurka, yana katse musayar fayiloli ta BitTorrent a ɓoye, ta hanyar aika saƙon jabu da ke sa kowace kwamfuta ta ɗauka ɗaya ɓangaren ne ya yanke hulɗa. A 2011 kamfanin KPN na Holan ya bayyana niyyar karɓar ƙarin kuɗi daga masu amfani da manhajoji irin su WhatsApp da Skype, saboda suna cinye masa kasuwar saƙon tes da kira. A 2012 kuma AT&T ya hana kiran bidiyo na FaceTime ta layin salula sai ga waɗanda suka sayi wani tsari na musamman.

Abin lura shi ne, a kusan dukan waɗannan, abin da aka taka wa birki abu ne da ke barazana ga kuɗin shiga ko muradin kamfanin da ke riƙe da layin.

Mene ne hujjar masu adawa da kafa dokar?

Hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Ta farko ita ce ta jari. Shimfiɗa igiyoyin gilashi, kafa turakun sadarwa da sayen lasisin zangon iska da sabis ɗin waya ke bi ta kansa suna lashe maƙudan kuɗi, kuma a cewarsu duk dokar da ta ƙuntata hanyoyin da kamfani zai mayar da kuɗinsa za ta rage masa sha'awar faɗaɗa layi, musamman zuwa yankunan karkara inda riba ba ta da yawa. Ta biyu ita ce bayanai ba bukatarsu ɗaya ba: jinkirin rabin daƙiƙa ba ya cutar da imel, amma yana ɓata kiran bidiyo, don haka tilasta daidaito tsakaninsu rashin fahimtar aikin injiniya ne. Ta uku ita ce gasa da dokokin hana babakere sun isa su ladabtar da mai laifi bayan ya aikata, ba sai an ɗaure kowa tun kafin a ga laifi ba. Ta huɗu kuma, wadda ta fi nauyi a wurin masu kishin 'yanci, ita ce hukumar da aka ba ikon tsara intanet yau domin kare jama'a, gobe za ta iya faɗawa hannun wanda zai yi amfani da ikon don wata manufa.

Kan batun jari, nazarce-nazarcen da aka yi sun saɓa wa juna, kuma da wuya a ware tasirin doka guda daga tasirin kuɗin ruwa, haraji da sauyin fasaha daga wani mataki zuwa wani. Hujjar gasa kuwa tana da ƙarfi ne kawai inda gasar take. A wuraren da kamfani ɗaya ko biyu ne ke da layi mai kyau, ce wa mutum ya koma wani kamfanin magana ce da ba ta da inda za ta sauka.

Me ya sa dokar Amurka ke ta kai da komowa?

Saboda majalisar dokokin ƙasar ba ta taɓa rubuta ƙa'idar ƙarara cikin doka ba, sai aka bar hukumar FCC tana lalubo iko daga tsofaffin dokoki. Dokar 1934, da gyaran da aka yi mata a 1996, ta raba hidimomi gida biyu: hidimar sadarwa, wadda ke ɗauke da nauyin yi wa kowa aiki ba zaɓe, da hidimar bayanai, wadda ba a ɗaure ta sosai ba. Duk rigimar ta ta'allaƙa ne kan gidan da intanet zai shiga.

Hukumar ta tsawata wa Comcast a 2008 kan katse BitTorrent, kotu ta ce ba ta da hurumi a 2010. Ta fitar da sabbin ƙa'idoji a ƙarshen 2010, kamfanin sadarwa na Verizon ya kai ƙara, kotu ta rushe muhimmansu a Janairun 2014. A Fabrairun 2015, ƙarƙashin shugabancin Tom Wheeler, hukumar ta mayar da intanet gidan hidimar sadarwa da ƙuri'a 3 da 2, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta amince a 2016. A Disambar 2017, ƙarƙashin Ajit Pai, aka soke da ƙuri'a 3 da 2. A Afrilun 2024, ƙarƙashin Jessica Rosenworcel, aka dawo da ƙa'idojin, nan ma da 3 da 2, sai wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe su ranar 2 ga Janairun 2025, tana dogaro da hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 da ya daina tilasta wa alƙalai bin fassarar da hukumomi ke yi wa dokokin da ba su fito fili ba.

Akwai wani abin takaici da ya kamata a ambata a nan. Lokacin da aka nemi jin ra'ayin jama'a a 2017, an samu saƙonni sama da miliyan 22, amma binciken ofishin babban lauyan jihar New York da aka fitar a 2021 ya gano cewa kusan miliyan 18 daga ciki na bogi ne, kuma an yi bogin ta ɓangarorin biyu.

To bayan an soke dokar a 2017, intanet ɗin Amurka ya lalace kamar yadda aka yi hasashe?

Bai lalace ba, kuma masu goyon bayan ƙa'idar da suka yi hasashen cewa za a fara sayar da shafuka ɗai-ɗai sun zuzuta lamarin fiye da kima. Gudun intanet ya ci gaba da ƙaruwa, ba a kuma ga toshe manyan shafuka ba. Sai dai ba za a ɗauki wannan a matsayin gwaji mai tsabta ba, domin jihar Kalifoniya ta kafa tata dokar mai tsauri a 2018, wadda kotu ta bari ta ci gaba da aiki a 2022, wasu jihohin ma suka bi sahu, kuma kamfanonin sun san idon jama'a da na 'yan majalisa yana kansu. Kamfanin da ke aiki a faɗin ƙasa ba zai so ya gina tsari biyu ba, ɗaya na Kalifoniya ɗaya na sauran jihohi.

A 2018 an yi wani lamari da ya ja hankali, lokacin da Verizon ya rage gudun datar 'yan kwana-kwana na gundumar Santa Clara suna tsakiyar yaƙi da gobarar daji, saboda sun haura adadin da tsarinsu ya tanada. Kamfanin ya amsa cewa kuskure ne, ya kuma ce abin bai shafi rashin fifiko ba, kuma ta wata fuskar yana da gaskiya, tunda datar baki ɗaya aka rage wa gudu, ba wani shafi aka ware ba. Abin da lamarin ya fito da shi shi ne hukumar sadarwa ta riga ta sauke wa kanta ikon da za ta saurari irin wannan koke da shi.

Sauran ƙasashe fa?

Chile ce ta fara rubuta ƙa'idar cikin doka a 2010, Holan ta biyo baya a 2012 sakamakon abin da KPN ya so yi, Brazil kuma ta sa ta cikin babbar dokarta ta haƙƙoƙin intanet a 2014. Tarayyar Turai ta zartar da doka guda ga dukan mambobinta a 2015, wadda ta fara aiki a 2016, kuma har yau tana nan. Indiya ta ɗauki ƙa'idoji masu tsauri a 2018 ta hanyar sa su cikin sharuɗɗan lasisin kamfanoni. Birtaniya ta gaji dokar Turai, sannan hukumarta Ofcom ta sassauta yadda ake aiki da ita a 2023. Dokar Turai ta daɗe ne saboda majalisa ce ta rubuta ta, ba ta dogara da wanda ke shugabantar wata hukuma a wannan shekarar ba.

Idan kamfani ya ba da wasu manhajoji kyauta ba tare da cin data ba, mene ne laifinsa?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya a dukan muhawarar, domin a nan ne ƙa'idar ke karo da bukatar talaka ido da ido. Tsarin shi ne kamfanin sadarwa ya ce shiga wata manhaja ko wasu zaɓaɓɓun shafuka ba zai taɓa datar mutum ba, amma duk abin da ke wajensu sai an biya. Fitaccen misali shi ne shirin da Facebook ya ƙaddamar a 2013 da sunan Internet.org, wanda manhajarsa ta fara aiki a Zambiya a 2014, aka kuma sauya mata suna zuwa Free Basics a 2015. Gidauniyar Wikimedia ma ta yi irin nata, Wikipedia Zero, daga 2012 har ta rufe shi a 2018.

Masu kare tsarin suna cewa da babu gara ba daɗi. Mutumin da datarsa ta ƙare, amma har yanzu yana iya aika wa iyalinsa saƙo ko ya karanta bayanin wata cuta, ya fi wanda wayarsa ta zama hoto kawai a hannunsa, kuma wanda bai taɓa rasa kuɗin data ba bai kamata ya yi saurin yanke hukunci a kan wannan ba.

Masu suka kuma suna cewa a duba wanda ke zaɓen abin da zai zama kyauta. Idan manhajar saƙonni guda ce ba ta cin data, duk wanda ya ƙirƙiro sabuwa, ko da ta fi ta kyau, ya shiga gasa da ƙafa ɗaya a ɗaure, domin tasa tana da farashi ta abokin gasarsa ba ta da shi. Akwai kuma illar da ta fi wannan ɓoyuwa. Mutum yana cikin manhajar kyauta sai ya ga kanun wani labari mai tayar da hankali, ya danna don ya karanta cikakken bayani, sai allo ya nuna masa cewa zai fita daga yankin kyauta kuma ba shi da data. Ya ga kanu, bai ga labari ba, bai kuma samu damar bincika ko gaskiya ne ba, amma tura shi ga wasu kyauta ne. Irin wannan tsari yana sauƙaƙa yaɗuwar jita-jita, yana tsadar da tantance ta.

Hukumar sadarwa ta Indiya, TRAI, ta haramta bambanta farashin data bisa abin da ake kallo a Fabrairun 2016, abin da ya kawo ƙarshen Free Basics a ƙasar. Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a Satumbar 2021, a shari'o'in da suka shafi Vodafone da Telekom a Jamus, cewa irin wannan tsari ya saɓa wa dokar Turai. A ganina hanyar da ta fi adalci ita ce a bar kyautar a cire zaɓen: a ba mutum wani adadi na data kyauta, ko mai ƙarancin gudu ce, ya kashe ta inda ya ga dama. Idan da gaske manufar ita ce taimakon marar hali, wannan ta cika ta, idan kuma kamfani ya ce sai dai a manhajarsa, to ya nuna abin da yake nema.

Shin ƙa'idar ta hana sayar da intanet mai gudu daban-daban a farashi daban-daban?

Ba ta hana ba. Kamfani na iya sayar da layi mai sauri da tsada, mai jinkiri da araha, yana kuma iya ƙayyade yawan data. Abin da aka hana shi ne ya zaɓa wa mai saye abin da zai yi da gudun da ya riga ya biya. Haka nan dokokin da ake da su sun yarda a sarrafa cunkoso na ɗan lokaci, a tare harin masu kutse, a bi umarnin kotu, muddin dalilin na fasaha ne ko na shari'a, ba na kasuwanci ba, kuma an yi wa bayanai masu kama da juna hukunci iri ɗaya. Dokar Turai ta kuma ba da dama ga hidimomi na musamman da ke bukatar inganci tabbatacce, bisa sharaɗin kada su rage ingancin intanet ɗin kowa da kowa.

Ba a jin tsoron cewa ba gwamnati wannan iko zai zama gudun gara a faɗa gidan zago?

Tsoron yana da tushe, domin mafi munin cutarwar da aka yi wa masu amfani da intanet a duniya gwamnatoci ne suka yi ta. Masar ta katse intanet kusan baki ɗaya na kwanaki a ƙarshen Janairun 2011 lokacin zanga-zanga. Kamaru ta katse yankunanta biyu masu magana da Ingilishi na kimanin wata uku a farkon 2017. Uganda ta ɗora harajin kullum kan shiga shafukan sada zumunta a 2018, ta kuma katse intanet a lokacin zaɓen Janairun 2021. Yankin Tigray na Habasha ya shafe kimanin shekara biyu a yanke daga Nuwambar 2020. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. China kuwa ta gina tsarin tacewa na dindindin da ya rufe manyan shafukan waje da dama.

Amma a lura da abu ɗaya: babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya bukaci dokar rashin fifiko kafin ya faru. Gwamnatocin sun yi amfani ne da ikon da suke da shi tun farko, na ba da lasisi da janye shi, da dokokin tsaro da na ta-ɓaci. Dokar rashin fifiko umarni ne ga kamfani cewa kada ya zaɓa, umarnin toshewa kuma tilasta masa ne ya zaɓa yadda mai mulki ke so, don haka ɗaya kishiyar ɗaya ce ko da yake daga hannun hukuma dukansu ke fitowa.

Indiya ta nuna cewa samun ɗaya ba ya kawar da ɗayan. Ƙasar tana da ƙa'idojin rashin fifiko da ke cikin mafiya tsauri a duniya, amma ta yi shekaru tana kan gaba wajen yawan katse intanet, kuma yankin Kashmir da aka yanke a Agustan 2019 bai sake samun cikakken intanet mai sauri a wayar hannu ba sai Fabrairun 2021. Dokar da ta ɗaure hannun kamfani ta bar na gwamnati a sake rabin aiki ta yi. Shi ya sa tambayar ko gwamnati ta sa hannu ko kada ta sa ba ta kai ga gaɓar ba, tunda hannunta yana ciki tun ranar da ta ba da lasisin farko. Abin da ya cancanci a yi jayayya a kai shi ne a rubuta iyakar ikon a dokar majalisa, a danƙa aiwatarwa ga hukumar da minista ba zai iya juya ta da kiran waya ba, a kuma bar ƙofar kotu a buɗe ga duk wanda aka toshe.

Akwai lokacin da ya halatta gwamnati ta toshe wani abu?

Akwai, kuma kusan babu mai musun cire hotunan cin zarafin yara ko rufe shafin damfara. Sashe na 19 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966 ya gindaya sharuɗɗa: taƙaitawar ta kasance a rubuce cikin doka, ta kasance don manufa halattacciya kamar tsaron ƙasa ko kare haƙƙin wasu, kuma ta zama dole, ba ta wuce gwargwadon bukata ba. Katse intanet ga yanki guda yana faɗuwa a sharaɗi na ƙarshe, domin yana hukunta likita da ɗalibi da ɗan kasuwa saboda laifin wasu ƙalilan, yana kuma rufe hanyar da za a ji abin da ake yi wa mutanen yankin.

Majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da katse intanet da gangan a wani ƙuduri na 2016. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa katsewar da Togo ta yi a 2017 ta saɓa wa doka, ta kuma yanke irin wannan hukunci a 2022 kan dakatar da Twitter a Najeriya. Kotun Ƙolin Indiya ma ta ce a Janairun 2020 ba a yarda da katsewa marar wa'adi ba, kuma dole a wallafa umarnin don a iya ƙalubalantarsa.

Ƙa'idar ta shafi abin da Facebook ko Google ke nunawa ko gogewa?

A'a. Ta shafi masu riƙe da layi ne kawai, ba masu shafuka ba. Masu sukar ta suna da gaskiya idan suka ce a yau waɗannan manyan dandamali suna da ikon zaɓa wa jama'a abin da za su gani fiye da kowane kamfanin sadarwa, amma wannan matsala ce da ke bukatar dokarta daban, kamar dokoki biyu da Tarayyar Turai ta zartar a 2022 kan kasuwanni da hidimomin dijital.

Me ya sa manyan kamfanonin bidiyo ba za su biya kuɗin layin da suke cikawa ba?

Kamfanonin sadarwa, musamman na Turai, sun daɗe suna wannan kira, har hukumar Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayi a kai a 2023. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce bidiyon ba ya zuwa da kansa, mai saye ne ya nema, kuma ya riga ya biya kuɗin datar da za ta kawo shi, sannan manyan kamfanonin suna kashe nasu kuɗin wajen shimfiɗa igiyoyin ƙarƙashin teku da ajiye kwafin bidiyoyi kusa da masu kallo domin rage wa layuka nauyi.

Koriya ta Kudu ta gwada tsarin da ke sa mai aikowa ya biya tun 2016. An yi doguwar shari'a tsakanin kamfanin intanet na ƙasar, SK Broadband, da Netflix kafin su sasanta a 2023, Twitch kuma, wani dandalin watsa bidiyo kai tsaye, ya rufe harkarsa a ƙasar a Fabrairun 2024, yana mai cewa kuɗin layi a can ya ninka na yawancin ƙasashe kusan sau 10. Babban kamfani yana iya biya ko ya yi ciniki, ƙarami kuwa sai dai ya tattara ya fita, ko ya fasa shigowa tun farko.

Ina amfanin wannan muhawara ga wanda ba shi da intanet ɗin ma?

Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 5.5 ne ke amfani da intanet, biliyan 2.6 kuma ba sa amfani da shi. Ƙa'idar rashin fifiko ba za ta kafa turke ko ɗaya ba, ba kuma za ta rage kuɗin waya ba. Wannan aikin wasu manufofi ne, kamar asusun kai sadarwa karkara, raba turaku tsakanin kamfanoni da rage haraji kan na'urori, ko irin matakin Finland da ta mayar da samun intanet haƙƙin kowane ɗan ƙasa a 2010. Amma muhawarar ta shafe su kai tsaye, domin yawancinsu za su shigo ne ta wayar hannu, da data kaɗan, a kasuwannin da kamfanoni ba su da yawa, wato daidai yanayin da tsarin zaɓaɓɓun manhajoji ya fi tasiri kuma umarnin katsewa ya fi sauƙin aiwatarwa.

Ta yaya mutum zai gane ana rage masa gudu ko an toshe masa shafi?

Hanya mafi sauƙi ita ce kwatantawa. A buɗe shafin da ake zargi a kan layin wani kamfani daban, a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya, sannan a sake gwadawa ta VPN, wanda ke ɓoye wa kamfani shafin da ake ziyarta. Idan bidiyon da ke tsayawa ya gudu sumul da zarar an kunna VPN, alama ce mai ƙarfi cewa ana ware shi ne, ko da yake gwaji ɗaya ba hujja ba ce, tunda cunkoso na sauyawa daga sa'a zuwa sa'a. Akwai manhajar Wehe, da masu bincike a jami'ar Northeastern ta Amurka suka ƙirƙira don gano rage gudu, da OONI Probe, wadda ke gwada ko an toshe shafuka ta kuma wallafa sakamakon a fili. Kafin a yi amfani da ta biyun ya kamata mutum ya san dokar inda yake, domin gwajin yana ziyartar shafukan da wasu gwamnatoci suka haramta, haka kuma akwai ƙasashen da suka taƙaita amfani da VPN. Wanda zai kai koke ga hukumar sadarwa ya rubuta rana da lokaci da sunan tsarin da ya saya, ya ɗauki hoton allo na kowane gwaji, ya kuma adana sharuɗɗan da kamfanin ya wallafa game da tsarin a ranar da ya saye shi.